Kiran da Na Ɗaga a Washington

Tun da na dawo daga Amurka ba ni da sakat. A ofis, a gidan suna, har a wurin cefane, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Binta, ba mu labarin Washington." Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure, wannan ta ji kai, waccan ta ji wutsiya, shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi gaba ɗaya. Amma wadda ke jiran labarin dogayen gine-gine da kantuna ta yi haƙuri. Abin da na fi tsinta a tafiyar nan faɗuwar gaba ne.

Ni malama ce a sashen nazarin halayyar ɗan Adam a wata jami'a a Kano. Na daɗe ina lura da ɗalibaina: in cajin wayar yarinya ya ƙare ana tsakiyar lacca, to ta bar ajin ke nan, ko da gangar jikinta na zaune. Masana sun tsara wasu tambayoyi da ake auna wannan tsoro na rabuwa da waya, amma da Turanci suke. Ina neman yadda zan mayar da su Hausa sai na ci karo da aikin wata malama 'yar asalin Iran, Dakta Farzana, da ke koyarwa a wata jami'a a yankin Washington. Ita ta riga ta mayar da su Farisanci, tana gwada su a kan ɗalibai masu jin harshen, 'yan Iran da 'yan Afganistan da ke karatu a can. Muka yi ta musayar saƙo, daga baya ta ce in zo in gani da idona.

Mota na bi daga Kano zuwa Abuja. Kun dai san hanyar. Har Zariya ana hira ana cin gyaɗa, amma da muka bar Kaduna muka shiga daji sai motar ta yi tsit. Akwai wani wuri da sabis ke ɗaukewa, na ga kowa ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa, bakinsa na motsi. Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna ba tare da ta san sunana ba. Da sabis ya dawo sai wayoyi suka hau ƙara gaba ɗaya, tawa ma maigidana ne. Ya ce, "Kuna ina?" Na faɗa masa. Ya yi ajiyar zuciya ya kashe, ko sallama bai yi ba.

Jirgi kam ba wani labari, sai dai a filin da muka yada zango na tsaya gaban famfo zan yi alwala, na nemi abin murɗawa sama da ƙasa na rasa. Sai da wata tsohuwa ta zo ta miƙa hannu a ƙarƙashinsa ruwa ya zubo. Na yi kamar dama jira nake ta gama.

A wurin shiga Amurka ne abin ya fara. Jami'in ya karɓi fasfo ɗina ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce na zo nazarin tsoron rabuwa da waya a tsakanin ɗaliban Iran. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya sake duban fasfon, ya kira wani. Wannan ya ce in biyo shi. Aka kai ni wani ɗaki mai kujeru a jere, aka ce in miƙo wayata. Na miƙa.

Da na zauna ne na gane halin da nake ciki. Yaya Rabi, 'yar kawuna da zan sauka a gidanta, tana waje tana jira, kuma ban haddace lambarta ba. Adireshin gidan yana cikin waya. Takardar gayyatar tana cikin waya. Na lalubi lambar maigidana a kaina, na kawo rabi, sauran ya ɓace. In aka ce a mayar da ni yanzu, wa zai sani? In aka ce in kira wani, wa zan kira? Hannuna ya yi ta komawa jaka shi kaɗai yana lalube. A gefena wani dattijo ne da carbi, gumi na tsatsafo masa duk da sanyin ɗakin. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai mu ɗaga kai gaba ɗaya.

Can wata jami'a ta kira sunana, ta karya shi yadda na kusa ƙin amsawa. Ta yi mini tambayoyi cikin natsuwa, ta ce in buɗe wayar in nuna mata gayyatar, ta karanta, ta buga hatimi. Da za ta miƙo mini wayar sai ta ga yadda na yi wuf na tara hannu biyu. Ta yi murmushi ta ce, "Kin fara bincikenki ke nan." Ban iya dariya ba. A wurin kaya kuma wani ɗan ƙaramin kare ya zauna a gindin akwatina ya ƙi tashi, aka buɗe aka kwashe kilishin da na yo wa Yaya Rabi tsaraba. Kuka da daddawa suka tsira.

Yaya Rabi nas ce, tana zaune a Beltsville, wata unguwa a gefen Washington, da mijinta da 'ya'yanta mata biyu. Da ta hango ni ta rungume ni tana faɗa. "Ke Binta, kin so ki kashe ni! Na kira wayarki har na gaji. Ga shi ina da aiki a asibiti da safe." 'Ya'yan suka durƙusa suka ce, "Sannu da zuwa, Anti," daga nan kuma Hausar ta ƙare. Duk abin da na faɗa suna ji, amma amsa sai da Turanci.

Unguwar shiru kamar an yi shara. Ba mai talla, ba mai leƙowa ya ce ko akwai wuta, ba yaro a waje. Yaya Rabi ta ce a nan ko maƙwabcinka ba ka buga masa ƙofa sai ka fara kiransa a waya. Na ce to in wayar ta mutu fa? Ta ce, "Sai ki zauna da abin da ya dame ki." Washegari, ita tana wurin aiki, na ga ɗakin da aka ba ni ba ƙamshi, na kunna gawayi na zuba turaren wuta. Ban ankara ba wani abu a rufi ya ƙwalla ƙara mai huda kunne. Na fito a guje ba ɗankwali, ina salati, a zatona 'yan sanda ne. Babbar 'yar ta hau kujera ta danna shi, ta ce mini abin jin hayaƙi ne, in aka bar shi motar kashe gobara za ta zo. Daga ranar turarena ya koma ƙasan akwati.

Ranar da zan fara zuwa wurin Dakta Farzana na ce zan tafi ni kaɗai a jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira metiro. Layin da na taho da shi ba ya aiki a can sai in ina kan intanet ɗin gidan Yaya Rabi, amma na ce ai matambayi ba ya ɓata, in na ɓata na yi tambaya. Na yi kuskuren canjin jirgi, na fito a wani yanki da daga baya na ji sunansa Southwest. Gine-ginen gwamnati ne manya-manya, duk kama ɗaya, tagogi a rufe, masu gadi a bakin ƙofa. Mutane na wucewa da sauri, kowa da abu a kunne. Na ɗaga hannu zan tsayar da wani, ya kauce kamar bai gan ni ba. Na zaga gini ɗaya na dawo inda na fara. Wani mai gadi ya fara bin hijabina da kallo, ni kuma na tuna ɗakin filin jirgi. Ga waya a hannuna, caji cike, amma ba ta da maraba da dutse.

Sai na ji an ce, "Hajiya, ka ɓata ne?"

Wata mata ce baƙa mai jiki, da rigar masu jinya da mayafi. Sunanta Memuna, 'yar zangon Kumasi, tana kula da tsofaffi, tana zaune a unguwar Takoma Park. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Na ce mata wallahi na ɓata. Ta ce, "Kada ka ji tsoro. Ni ma wurin nan ya sa ni kuka farkon zuwana." Ta raka ni har cikin tasha, ta sa ni a jirgi, ta ɗaga mini hannu tana wata magana da harshen Tuwi da ban gane ba. Ban taɓa jin daɗin a kira ni "kai" ba sai ranar.

Dakta Farzana 'yar siririya ce mai furfura a goshi, mai saurin magana. Ta tara ɗalibanta suka yi mini liyafa a ofis. Aka zuba shinkafa mai launin rawaya, sai na ga an kankaro ƙanzon tukunya an ɗora mini a faranti. Raina ya ɗan sosu, na ce a zuciyata baƙuwa guda a ba ta ƙanzo? Ashe a wurinsu shi ne zuciyar girkin, babban baƙo ake ba wa, ɗaliban har haɗiyar yawu suke yi. Wata al'adar tasu kuma ita ce in an yi maka tayi sai ka ƙi, a sake ka ƙi, sai an matsa sannan ka karɓa. Na ce wannan ai kara ce, mu ma muna da ita, sai dai ku kun kai ta makaranta.

Muka zauna kan tambayoyin. Ta ce abin da ya fi ba ta wahala shi ne kalmar tsoro, don a harshensu iri-iri ne. Na ce mu ma haka: akwai tsoro, akwai fargaba, akwai zullumi, akwai firgici, kuma wanda ke jin zullumi ba zai yarda ya ce tsoro yake ji ba. Ta ce da farko ta ɗauka za ta tarar da yara masu kewar hira da hotuna. "Amma yawancin nawa," in ji ta, "wayar ita ce kaɗai ƙofar gidansu."

A cikin ɗaliban akwai Nasrin, mai karatun injiniya, doguwa, idanunta sun faɗa. Ko a wurin cin abinci wayarta na gefen faranti, fuska sama. Dakta Farzana ta gaya mini an kwantar da mahaifinta za a yi masa aikin zuciya, sai kuma layukan sadarwa suka ɗauke a garinsu, ba intanet, kira ba ya shiga. Kwana da kwanaki ke nan ba ta ji komai ba. Ba ta kuma isa ta tafi ba, don in ta fita babu tabbas za ta samu izinin dawowa.

Yadda suke gwajin shi ne ɗalibai su amsa tambayoyin, sannan a tattara wayoyinsu a kwando a kai wani ɗaki na ɗan lokaci, a maƙala wa kowa wani ɗan abu a yatsa mai auna bugun zuciya. Duk wanda ya ji ba zai iya ba yana da damar karɓar abarsa. Ranar Juma'a aka ba ni aikin zama da kwandon. Dakta Farzana ta ce wa Nasrin ta bari sai wani karon, ta ƙi. Ta zo ta sa mini wayar a hannu da kanta, mai koren gida. Ta ce, "Hanum Binta," haka suke girmama mace, "idona ya gaji da kallonta. Ki kalla mini. In kin ga hoton tsoho mai farin gashin baki, ki ɗaga."

Na zauna ni kaɗai da kwando a cinya. Wayoyi na ta haske suna mutuwa da rubutun da ya yi kama da ajami amma ban iya karanta shi ba. Ina cikin tunanin abincin da zan dafa wa yara da yamma sai koriyar ta hau rawa. Tsoho mai farin gashin baki, yana dariya, da rumman a hannu.

Na kai hannu zan ɗaga, yatsana ya zame, na sake ja. Muryar mace ce, babba, tana kuka tana magana da sauri, layin na tsinkewa. Na ji "Nasrin." Na ji "Baba." Na ji wata kalma da kunnen kowane Musulmi ya sani. Na tashi a guje, kwandon ya kife, ina cewa da Turanci ta jira, ta jira. Kafin in kai ƙofa layin ya mutu.

Ina shiga ɗakin gwajin, Nasrin ta fizge abin yatsanta ta karɓi wayar. Ta kira, shiru. Ta sake, shiru. Duk ɗaliban suka miƙe, kowa ya ɗauko tasa yana gwada lambar wani nasa, babu wadda ta shiga. Sai Nasrin ta juyo gare ni.

"Me ta ce?"

Na ce mace ce, ta kira sunanki, ta ce Baba.

"Sai me?"

Na so in yi shiru, amma idonta bai bar ni ba. Na ce, "Na ji kamar ta ambaci rahama."

Dakta Farzana ta dafe tebur. Ni dai a Hausa na san inda ake haɗa sunan mutum da rahama, kuma ba a bakin gadon mai samun sauƙi ba ne. Nasrin ta matso har ina jin numfashinta. Ta ce a harshensu magana biyu ce. In mutum ya tsallake rijiya da baya ana cewa "Huda rahm kard," wato Allah ya tausaya, ya kiyaye. In kuma ya rasu ana cewa "Huda rahmatash kone," Allah ya yi masa rahama. Ta faɗi ta farko a hankali. Ta faɗi ta biyu a hankali. Ta ce, "Wacce kika ji?"

Na rufe ido na nemo muryar matar nan. In Nasrin ta faɗi ta farko sai in ji ita ce. In ta faɗi ta biyu sai in ji ita ce. Na ce, "Wallahi ban sani ba." Ban taɓa jin nauyin jahilci irin na wannan lokacin ba. Saƙon da yarinya ta yi kwanaki tana jira ya zo, ya faɗa a kunnen da ba ya ji.

Na kira Yaya Rabi da wayar ofis na gaya mata. Ta ce, "Ita kaɗai take kwana? Haba Binta, ki taho da ita." Dakta Farzana ta kai mu a motarta. A hanya Nasrin ta ce ko layin ya dawo ba lallai ta san gaskiya ba, don mutanensu ba sa gaya wa na nesa mutuwa. Wata ƙawarta sai da ta gama jarrabawa ta koma gida sannan ta tarar da kabarin mahaifiyarta har ya yi ciyawa, alhali kullum ana ce mata tana gaishe ta. Mu ma mun san wannan. Sau nawa aka kira ɗayanmu aka ce, "Jikin ya ɗan matsa, ki taho," alhali an riga an dawo daga maƙabarta?

Yaya Rabi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo. Nasrin ta yi loma ɗaya don kara ta ajiye. Wayar na hannunta a falo, a kicin, har bakin banɗaki. Ni kuwa duk inda na juya muryar matar nan nake ji, ina juya ta, ina ƙara rikita ta. Na yi salla na rasa raka'a nawa na yi. Ko wayar wani ce ta yi ƙara a gidan sai mu zabura gaba ɗaya, har yaran suka kashe ƙarar nasu ba wanda ya sa su.

Sai washegari bayan la'asar koriyar ta yi ƙara. Muna zaune a kan kafet, Yaya Rabi na tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. Nasrin ta ɗaga ta buɗe murya kowa na ji. Matar nan ce, mahaifiyarta. Suka yi ta magana suna katse juna. Na ga Nasrin ta yi tambaya, aka ba ta amsa, sai fuskarta ta yi fari fat. Ta dube mu ta ce, "Wai an yi aikin, an sallame shi. Wai yana barci."

Ni da Yaya Rabi muka haɗa ido. Mun san irin wannan barcin.

Nasrin ta sake magana, wannan karon da wata murya mai kauri da ban san tana da ita ba. Daga baya ta gaya mini cewa ta yi, ba sai an tashe shi ba, a kai wayar bakin hancinsa. Uwar ta yi gardama, ta ce dare ya yi a can, likita ya ce a bar shi ya huta. Nasrin ta maimaita. Sai shiru.

Muka ji takun silifa. Muka ji ƙarar ƙofa. Layin ya yi ƙoƙarin tsinkewa, Nasrin ta ɗaga wayar sama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa. Dukanmu muka sunkuya a kanta, har yarinyar da rabin kai a tsefe. Ba abin da ake ji sai shuuu.

Sai ga shi. Minshari, mai kauri, mai jan gaske, irin na dattijon da ya saba a yi shiru in yana barci. Ya ja, ya saki da ɗan fito a ƙarshe. Ya sake ja.

Yaya Rabi ta ce, "Alhamdu lillahi! Wannan numfashin mai rai ne, ni nas ce, na san shi." Sai ga hawaye a fuskarta. Nasrin ta toshe baki da mayafi tana kuka tana dariya, ba ta son ƙararta ta tashe shi. Can ƙasa-ƙasa uwar ta raɗa, "Huda rahm kard." Har yau ba zan iya rantsuwa cewa ita na ji ranar Juma'a ba.

Nasrin ta hana a ɗauke wayar daga wurinsa. Ta ajiye tata a tsakiyar kafet, muka kewaye ta, matan Kano a Beltsville, muna sauraren minsharin wani tsoho a garin da ko sunansa ban iya faɗa ba. Da layin ya sake yankewa ba ta ko gwada kira ba. Ta kifa wayar, ta jingina kanta da kafaɗata. Kafin Yaya Rabi ta kawo shayi, Nasrin ma ta fara nata minsharin.